Yadda Ake Shigar da Tsoron Allah Cikin Darasin Lissafi, Mataki-Mataki

Tun ranar da na ambata cewa da rabon gado nake koya wa ɗalibaina lissafin kaso, malamai 'yan'uwana ba su bar ni na huta ba. Ta ina ake farawa? Me ake saya? Shugaban makaranta zai yarda? Ba ya cinye lokacin manhaja? Ga amsar a wuri guda, yadda nake yi a ƙaramar sakandare. Malamin aji 5 da 6 na firamare zai iya ɗauka ya rage nauyi, na babbar sakandare ya ƙara.

Abu ɗaya zan fara cirewa daga ran mai karatu. Rubuta bisimilla a saman allo, a yi addu'a, sannan a ci gaba da koyarwa yadda aka saba, wannan bai shigar da komai cikin lissafi ba. Abin da muke nema shi ne yaro ya gane cewa a bayan lamba akwai haƙƙin wani mutum: maraya, mai sayen hatsi, talakan da ke jiran zakka. Ranar da ya gane cewa sifili ɗaya da ya manta zai iya cinye gonar marainiya, ranar zai fara duba aikinsa sau biyu ba don tsoron bulala ba. Zan riƙa cewa "ka", amma malama tana ciki.

1. Fara da manhaja, kada ka fara da aya

Ɗauko tsarin aikin zangon da makaranta ta ba ka, wanda aka ciro daga manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu a Najeriya. Ja layi gida uku a takarda: mako, darasi, da gida na uku da za ka bari fayau. Bi darussan ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kanka: a ina Musulmi ke buƙatar wannan lissafin don sauke wani nauyi na addini? Kaso yana da gado. Kashi cikin ɗari yana da zakka. Awo yana da mudu da sikeli. Kusurwa tana da alƙibla. Gwargwado yana da inuwar la'asar. Inda amsa ta zo da kanta, rubuta. Inda ba ta zo ba, bar gidan haka.

A zango mai mako 12 ko 13, darasi 4 ko 5 sun isa. Sauran ka koyar da su lissafi tsantsa.

*Gargaɗi:* babban kuskuren masu farawa shi ne su cika kowane gida da ƙarfi da yaji. Malami ya ɗauko aya ya liƙa wa darasin da ba ruwanta da shi, yara kuwa suna ganewa. Idan suka ga ɗinkin ya fito fili sau biyu, na uku ba za su saurara ba, ko da shi ne na gaskiya.

2. Sami shugaban makaranta, sannan ka sami malamin fiƙihu

Kai wa shugaban makaranta takardar nan kafin ka shiga aji da ita. Nuna masa cewa ba ka cire darasi ko ɗaya ba, misalai kawai ka sauya. Mafi yawan shugabanni abin da ke damunsu ke nan: kada jarrabawa ta zo a tarar ba a gama manhaja ba.

Daga nan ka nemi malamin da ya karanci fiƙihu da gaske, ko na makarantarku ko na unguwa, ka zauna da shi da misalanka a rubuce. Kai ka iya lissafi, shi ya san hukunci. Duk misalin zakka ko gado da bai ratsa ta hannunsa ba, kada ya hau allo. Ka kuma shirya jumlar da za ka riƙa maimaitawa idan yaro ya jefo tambayar hukunci: "Wannan ta Malam ce, rubuta ka kai masa." Malamin lissafi ba mai ba da fatawa ba ne.

*Gargaɗi ga mai aji gauraye:* idan akwai yaran Kirista, kada su zama baƙi a ajinsu. Suna da ushiri, ɗaya cikin goma, wanda lissafinsa ya yi daidai da darasin kashi cikin ɗari. A Baibul, a Karin Magana 11:1 an la'anci ma'aunin algus, Zabura 90:12 kuma roƙo ce a koya wa mutum ƙidaya kwanakinsa. Tambayi abokin aikinka Kirista ya duba maka misalan, yadda ka kai wa malamin fiƙihu naka. Kuma kada a tilasta wa kowane yaro karanta addu'ar da ba tasa ba.

3. Kayan aiki da abin da za su ci

Yawancin kayan aro ne ko na gida. Kwanon awo biyu masu bambancin girma, tiya ɗaya ta dawa ko gero ko tsakuwa, faranti babba, sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita 1, tef ɗin tela, igiya, ƙusa, da wake ko 'ya'yan dabino guda 24 ga kowane rukuni. Abin da za ka saya: kwali fari kamar 5, alƙalamin maka 2, alli mai launi, da ma'aunin kusurwa babba idan makaranta ba ta da shi. Wayarka tana da kamfas, ko ka sauke kyauta.

Ka ware abin da bai wuce naira dubu 10 ba a zangon farko. Zango na biyu kwali kawai za ka sake saya. Hatsin ma ba asara ba ne, ana gamawa ka mayar gida. Abin da zai ci ka da gaske lokaci ne: kowane darasi irin wannan yana ɗaukar ni kamar awa 2 na shiri, rabi wajen warware misalan da hannuna, rabi wajen Malam.

*Gargaɗi:* kada ka buga aya da Larabci a takardar aikin aji ko ta jarrabawa. Mun san inda takardun nan ke ƙarewa: ƙasan benci, kwandon shara, wani lokaci hannun mai ƙosai. Rubuta sunan sura da lambar aya kawai, ka karanta da baki. A allo ma haka, tunda garin alli ƙasa yake zuba ana takawa.

4. Minti uku na farko

Darasin minti 40 ne, don haka buɗewa kada ta wuce minti 3. Ka sa aji ya yi shiru, littafi a rufe. Tambaya ɗaya: wa zai amfana idan ka iya lissafin yau? Bari biyu ko uku su amsa. Wannan ita ce niyya, yaran kuma sun haddace hadisin cewa ayyuka suna tare da niyyoyi tun a Islamiyya, amma ba wanda ya taɓa ce musu yana aiki a kan lissafi.

Wata ranar na kan sauya da ƙidayar bugun zuciya. Kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, in duba agogo minti 1. Mafi yawa za su samu tsakanin 70 da 90. Mu ɗauki 70: sau 60 ya ba da 4,200 a awa, sau 24 ya ba da 100,800 a yini, sau 365 ya ba da 36,792,000 a shekara. Sai in ce kowa ya ninka da shekarunsa. Ajin kan yi tsit da kansa. A nan nake ambaton aya ta 18 a Suratun Nahli, cewa in za a ƙidaya ni'imar Allah ba za a iya ƙididdige ta ba, sai mu wuce darasin rubuta manyan lambobi a taƙaice. Ba na ƙara wa'azi. Lambar ta riga ta yi.

*Gargaɗi:* idan ka zo bayanin cewa lambobi ba su da ƙarshe, kada ka kwatanta Allah da alamar rashin iyaka, ko da lamba 1 ta lissafi wadda ake rabawa gida biyu ana ninkawa. Ka tsaya kan halitta da ni'ima. Mahalicci ba a buga misali da Shi a allo.

5. Ɗora kaso a kan izu da sumuni

Yaron da ke cewa ba ya gane lissafin kaso, shi ne da yamma zai gaya maka ya biya sumuni, gobe zai kai rubu'i. Ya san kaso, da wani suna ya san shi. Fara daga nan.

Zana doguwar sanda a allo ka ce izu ɗaya ce. Raba ta biyu: nisfi. Raba huɗu: rubu'i. Raba takwas: sumuni. Sai ka rubuta 1/2, 1/4, 1/8 a ƙarƙashi. Tambaye su sumuni nawa ne a nisfi. Za su ce 4 kafin ka rufe baki, ka rubuta 4/8 = 1/2. Sun gama darasin kaso masu daidai da juna ba su sani ba. Ci gaba: Alƙur'ani izu 60 ne, sumuni nawa ke nan? 480. Mai haddace sumuni ɗaya kullum, kwana nawa zai sauke? In yana hutun Alhamis da Juma'a fa, mako nawa? 480 a raba 5, mako 96. Mai son saukewa cikin azumi mai kwana 30, izu nawa a rana? Idan watan ya yi nuƙusani ya zo 29 fa? A nan ragowa ta shigo, kuma sun damu da amsar saboda wasunsu za su yi aiki da ita.

6. Darasin mudu

Wannan na tsaye ne, a ture benci. Kafa kasuwa a gaban aji: mai sayarwa ɗaya, masu saye uku. Ba mai sayarwa kwano biyu, ɗaya ka ɗan buga gindinsa ya lotsa ciki ko ka liƙa kwali a ƙasansa. Ya auna wa na farko da cikakken kwano, na biyu da lotsattse, a juye a faranti a gwada. Bambancin ba zai fi cikin tafi ɗaya ba, yara za su ce ai ba komai.

To sai lissafi. A ce abin da aka tauye 1/20 ne na kwano. Mai awo yana auna kwano 60 a yini: kwano 3 ke nan. A kwana 300 na kasuwa, kwano 900. Su juya shi zuwa buhu da adadin kwanon da ke cika buhu a kasuwar garinku, sannan zuwa naira da farashin ranar. Idan lambar ta fito, ka sa wanda ya haddace farkon Suratul Muɗaffifina ya karanta ayoyi ukun farko. Ka ba su labarin tarin abincin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Ni a wannan darasin nake ɗaure maganar satar amsa. Maki ma awo ne. Wanda ya kwafa ya karɓi mudun da ba nasa ba.

*Gargaɗi:* akwai 'ya'yan 'yan kasuwar hatsi a ajinka. Kada ka bari a nuna wani da yatsa, kuma kada ka ce "'yan kasuwa haka suke". Ka ba ɗan mai awo matsayin alƙalin kasuwa a wasan, shi ya fi kowa sanin yadda ake tsayar da kwano.

7. Zakka: kashi cikin ɗari da jadawali

Bi wannan jerin, kada ka tsallake. Da farko nisabi: dinari 20 na zinariya, kimanin giram 85, ko dirhami 200 na azurfa, kimanin giram 595. Kada ka ƙirƙiri adadinsa a naira, yana sauyawa da farashin zinariya. Ka ba yara aikin gida su nemo sanarwar baya-bayan nan daga hukumar zakka ta jiharsu, irin Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano ko ta Zakka da Waƙafi ta Sakkwato. Daga wannan lamba guda za su fitar da wasu biyu da kansu: mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, wato nisabin zinariya a raba 80, diyya kuma dinari 1,000 ce, wato nisabi sau 50. Su gwada da abin da aka sanar su gani ko ya hau.

Na biyu, abin da ake fitarwa: ɗaya cikin 40. Sa su nuna da hannunsu cewa 1/40 shi ne kashi 2.5 cikin 100. Ɗan kasuwa mai naira miliyan 24 da ta shekara a hannunsa zai fitar da 600,000. Su yi ta hanya biyu, rabawa da 40 da kuma ninkawa da 2.5 bisa 100, amsa ta zo ɗaya.

Na uku, amfanin gona. Nisabinsa wasƙi 5, kowane wasƙi sa'i 60, kowane sa'i mudun Annabi 4: mudu 1,200. Noman damina ɗaya cikin 10, abin da manoma ke cewa dami ɗaya cikin goma. Wanda ya sha wahalar ban-ruwa, kamar mai zuba wa inji fetur a noman rani, ɗaya cikin 20. Buhu 50 na damina buhu 5, na rani buhu 2 da rabi. Tambaye su dalilin bambancin. Su da kansu za su ce an duba wahalarsa.

Na huɗu, awaki da tumaki, don zanen jadawali: 40 zuwa 120 akuya ɗaya, 121 zuwa 200 biyu, 201 zuwa 399 uku. Zanen zai fito kamar matakala, ba miƙaƙƙen layi ba, abin da zai amfane su a babbar sakandare.

*Gargaɗi:* mudun Annabi ba shi ne mudun kasuwa ba. Shi kimanin cikin tafi biyu ne na matsakaicin mutum. Idan ba ka raba su tun farko ba, yara za su kai gida lissafin zakkar fidda-kai da ya ninka gaskiya sau da yawa.

8. Gado: nan ne zuciyar aikin

Ka ba shi darasi uku a ƙalla, kuma kada ka fara sai sun iya tara kaso masu mabambantan ƙasa.

Darasi na farko, kason nan shida da suka zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11, 12 da 176: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Rubuta su layi biyu, 1/2, 1/4, 1/8 a sama, 2/3, 1/3, 1/6 a ƙasa. Bar su su lura cewa kowane layi rabi-rabi yake sauka. Sai tambaya: wace lamba mafi ƙanƙanta ce duka shidan za su raba ba ragowa? Za su yi ta gwaji har su kai 24. Abin da littafinsu ke kira LCM, malaman gado suna kiransa asalin mas'ala. Shi ya sa na ce wake 24. Ka kuma kafa musu tsari tun yau: kafin a raba ko sisi, sai an cire kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Lissafi ma haka yake, akwai abin da ake fara yi kafin wani.

Darasi na biyu, misali mai sauƙi. Mutum ya rasu ya bar mata 1, 'ya'ya maza 3, mace 1, da naira 800,000 bayan an cire abin cirewa. Mata sumuni, 100,000. Saura 700,000 a kasa 7, namiji kashi biyu, mace ɗaya: kowane ɗa 200,000, 'ya 100,000. A tara, ya koma 800,000. Wannan tarawar ta ƙarshe wajibi ce a ajina, ba na karɓar aikin da ba ta. Sai na biyu da wake: mata, uwa, uba da ɗa ɗaya. Mata 3 cikin 24, uwa 4, uba 4, ɗa ya kwashe 13. Kowane rukuni ya kasa waken a kan benci, yaro ɗaya ya tsaya a matsayin kowane magaji. Idan mai rabo ya yi kuskure, "uwa" za ta ɗaga murya tun kafin ka iso wurin.

Darasi na uku shi ne wanda nake jira duk shekara. Mata, 'ya'ya mata 2, uwa da uba. Mata 3, 'ya'ya sulusi biyu wato 16, uwa 4, uba 4. Wake ya ƙare, ana neman 27 alhali 24 ke hannu. Kada ka ba su amsa. Bar su su yi gardama minti 5: wa za a rage wa? Wani zai ce mata, wata za ta ce uba ai namiji ne ya haƙura. Can wani zai ce a rage wa kowa daidai gwargwadon rabonsa. Wannan shi ne auli, hukuncin da aka tsayar tun zamanin Sayyidina Umar: a mayar da asalin 27, sumunin mata ya koma 3/27, wato 1/9. Malamai suna kiran wannan mas'ala Minbariyya. Yaron da ya gano ta da kansa ya koyi gwargwado, ya kuma ga yadda ake raba rashi da adalci. A nan nake gaya musu cewa littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda daga sunan littafin aka samo kalmar aljabra, babban ɓangarensa lissafin gado da wasiyya ne.

*Gargaɗi, kuma wannan da kaina na koye shi:* kada ka ce yara su kawo misali daga gidajensu. Na taɓa yi a wata makaranta. Wata yarinya da mahaifinta bai daɗe da rasuwa ba ta lissafa nata rabon a bayan littafi, ta ga bai yi daidai da abin da ta ji an ba mahaifiyarta ba. Ta kifa kai a benci, har aka tashi ba ta ɗago ba. Ban san bashin da aka biya ba, ban san sauran magada ba, amma na jefa zargi a zuciyar yarinya a kan danginta. Sai da na je gidan tare da Malam aka warware. Tun daga ranar misalaina ƙagaggu ne, ba suna, kuma ina faɗa da babbar murya cewa rabon gaske na alƙali ne da malamai, don akwai masu katange wasu daga gado, abin da ba mu karanta ba. Ka san marayun ajinka kafin ka fara wannan babi.

Tambayar me ya sa namiji ya sami biyu za ta zo, daga 'yan mata galibi. Kada ka tsawata, kada kuma ka yi ta kame-kame. Gayyato Malam ya ba ta minti 10.

9. Fita fili: inuwa, alƙibla da wata

Kafa sandar mita 1 a fili mai laushin ƙasa, ka tabbatar ta miƙe ta hanyar rataya ƙusa a igiya kusa da ita. Daga ƙarfe 11:30 yara su riƙa sa alama a ƙarshen inuwa duk minti 10. Inda ta fi gajarta, nan ne rana ta tsaya, daga nan zawali. A Kano wannan yana faɗawa tsakanin 12:10 da 12:40 gwargwadon wata. La'asar tana shiga idan inuwa ta kai tsawon sanda haɗe da inuwar zawali. A Disamba inuwar zawalin sandar tana kai kusan santimita 70, don haka la'asar sai ta kai 170. Wajajen ƙarshen Afrilu da bayan tsakiyar Agusta kuwa kusan ɓacewa take yi. Awon la'asar aikin gida ne, tunda an tashi. Da wannan sandar za su auna tsawon bishiya ko hasumiya: inuwar sanda bisa tsawonta daidai take da inuwar bishiya bisa tsawonta.

Alƙibla darasin kusurwa ce. Mun saba cewa "gabas", amma daga Kano kusan digiri 68 ce daga arewa, daga Sakkwato kusan 71, daga Maiduguri kusan 66. Wato gabas ce mai karkata arewa. Su zana layin arewa da kamfas, su auna kusurwar a ƙasa da igiya. Sau biyu a shekara za ka iya tabbatarwa ba na'ura: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da 10:27, rana tana saitin Ka'aba. Duk wanda ya fuskanci rana a lokacin ya fuskanci alƙibla, inuwar sanda kuma tana nuna kishiyarta.

*Gargaɗi:* ja musu kunne kada su tafi masallacin unguwa da waya suna cewa an karkace. Wanda yake nesa da Makka fuskantar ɓangaren da Ka'aba take ya wadatar masa, kamfas ɗin waya kuma yana ruɗewa kusa da ƙarfe da rufin kwano.

Wata ya fi sauƙi. Aya ta 5 a Suratu Yunus ta faɗi cewa an sanya masa masaukai don a san adadin shekaru da lissafi. Kwana 29 da rabi sau 12, 354. A cire daga 365, saura 11. A raba 365 da 11, kusan 33: shekarun da azumi ke ɗauka ya zagaya zafi, damina da sanyi ya dawo. Ba su ranakun da aka fara azumi a Najeriya bisa sanarwar Sarkin Musulmi: 23 ga Maris 2023, 11 ga Maris 2024, 1 ga Maris 2025. Su ƙirga kwanakin da ke tsakani. Za su samu 354 da 355, muddin ba su manta Fabrairun 2024 kwana 29 ya yi ba.

*Gargaɗi:* saƙonnin da ke yawo a WhatsApp na "mu'ujizar lambobi", a tara wannan a raba da wancan a fitar da 19, kada su shigo ajinka. Da yawa in ka ƙirga da kanka ba sa hawa, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa kuma zai ƙirga. Haka lissafin sunaye don duba ko sa'ar aure. Wannan hisabin wani abu ne daban, ba shi muke koyarwa ba.

10. Kuɗin ruwa da lissafin yiwuwa

Suna cikin manhaja, suna fitowa a WAEC da NECO. Malamin da ya tsallake su don tsantseni ya cuci ɗalibansa. Koyar da ƙa'idar yadda take. Sannan ka ba su bashin naira 100,000 da ruwa kashi 10 cikin 100 duk wata, mai hawa kan hawa, su bi shi wata-wata: a wata na 12 ya haura 313,000. Ba sai ka yi dogon bayani kan riba ba, sun gani. Ka nuna musu kuma cewa ƙa'idar ce dai ake lissafa hauhawar farashi da faɗuwar darajar babur da ita. Aya ta 282 a Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, kan rubuta bashi take, don haka ka sa su rubuta takardar bashi mai adadi, wa'adi da shaidu.

Lissafin yiwuwa kuwa, in iyaye ba sa son ganin karta ko ludo, yi da ƙuri'a: sunaye a hula, ko wake fari da ja a jaka. Amma ka nuna musu yadda tambayar karta take a takarda, don kada su gan ta karon farko a ɗakin jarrabawa.

11. Auna ko ya yi aiki

Ƙarshen kowane babi ka ba da tambaya 10: 5 da rigar zakka ko gado, 5 tsirara irin na littafi, da Turancin da jarrabawa ke zuwa da shi. Idan sun ci na farko sun faɗi na biyu, labarin suka riƙe ba lissafin ba. Koma ka yi misali ɗaya sau biyu a jere, da wake sannan da x, har su ga abu ɗaya ne. Maki na lissafi ne kawai. Kada ka ƙara wa yaro ko rabin maki don ya kawo aya, kada ka rage wa wanda bai kawo ba.

Sauran alamomin ba sa hawa takardar sakamako, sai ka sa ido. Nawa ne ke tara amsarsu su gwada ba a ce su yi ba? Nawa ne ke dawo da takarda su ce Malam ka ba ni maki fiye da nawa? Ina ajiye ƙaramin littafi don irin waɗannan, da kwanan wata. Ka kuma saurari masu cewa "ni Allah bai ba ni kan lissafi ba". Irin wannan yaron nake ba wake 24 ya zama mai rabo a rukuninsa, in tsaya kusa da shi. Kuma ranar da ka karanta ayar mudu, ka duba naka awon: takardun da ka yi wa maki cikin gajiya da dare, ka sake bin guda 5 daga ciki da safe kafin ka raba.